"Bincike Ya Nuna": Alƙaluma Ma Suna Da Isnadi



A watan Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoto kan laifuffuka da yadda jama'a ke kallon tsaro. A ciki aka ce daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23, an sace mutum 2,235,954, an kuma kashe mutum 614,937. Ba a jima ba alƙaluman suka zaga wayoyin mutane a Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin mu abin ya shafa. Zuri'a nawa ce a wannan yanki ta sayar da gona ko shanu, ko ta zagaya masallatai tana neman taimako, domin ta fanso wani nata daga daji?

Majalisu suka rabu biyu. Wasu suka ce ai wannan ma kaɗan ne, abin ya wuce haka. Wasu suka ce ƙarya ce aka ƙulla domin a ɓata wa wasu suna. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne babu wanda ya tambayi yadda aka samo adadin. Mai gaskatawa ya gaskata domin ya dace da raɗaɗin da ke zuciyarsa, mai ƙaryatawa ya ƙaryata domin ya saɓa wa abin da yake so ya ji. Mu masu hawa mumbari ma ba mu kuɓuta ba. Kalmar "bincike ya nuna" ta zama mana kamar "an ruwaito", tana rufe bakin mai sauraro nan take. Alhali idan wani ya kawo mana hadisi, sai mun tambaye shi wa ya fitar, ta wace hanya, kuma me malamai suka ce game da masu ruwayar.

Adadi shi ma labari ne. Umurnin da Allah Ya yi wa muminai a Suratul Hujurati, aya ta 6, na su tantance labari kafin su yi aiki da shi don kada su cutar da mutane cikin rashin sani, bai tsallake labarin da ya zo da lambobi ba. Haka ma hanin da ke Suratul Isra'i, aya ta 36, kan bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa. Kuma Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Kowane adadi yana da isnadinsa: akwai wanda aka yi wa tambaya, akwai wanda ya fassara tambayar daga Turanci zuwa Hausa, akwai wanda ya rubuta amsar, akwai mai lissafi a Abuja, akwai ɗan jaridar da ya zaɓi kanun labari, sannan ga mai turawa a WhatsApp. Kowannensu yana iya yin gaskiya, yana iya mantuwa, yana iya ƙari ko ragi.

Farkon abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne babu wanda ya bi Najeriya gida-gida ya ƙirga waɗanda aka sace. A irin wannan bincike, akan zaɓi wasu dubban gidaje daga jihohi, a yi musu tambayoyi, sannan a ninka amsoshinsu ta yadda kowane gidan da aka shiga zai tsaya a madadin dubban gidajen da ba a shiga ba. Gidajen da aka zaɓa su ake kira samfuri, abin da ya fito kuwa kintace ne, ko da an rubuta shi har da ɗigon ƙarshe kamar wanda aka ƙirga da yatsa.

Shari'a ba ta ƙi kintace ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya ƙara masa yarda, zuwa Khaibar ya kintaci dabinon da ke kan bishiya tun kafin a cire shi, kuma malaman fiƙihu sun buɗe babi a kan haka a zakkar dabino da inabi. Sai dai sun shar'anta mai kintacen ya zama adali, kuma masanin abin da yake kintata. Masana ƙididdiga ma suna da tasu ƙa'ida: tare da kowane adadi sukan bayar da tazarar kuskure, wato iyakar da gaskiya za ta iya kaucewa sama ko ƙasa. Wannan tazara ita ce ke fara faɗuwa a hanya, kafin labari ya iso wayoyinmu.

To, ya za mu auna adadi mu da ba masana lissafi ba? Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bar mana hanya a Muƙaddimarsa. Ya ɗauko abin da Mas'udi da wasu masu tarihi suka ruwaito, cewa mayaƙan Banu Isra'ila da ke tare da Annabi Musa, alaihis salam, a sahara sun kai 600,000. Bai zagi masu ruwayar ba. Ya auna adadin ne da abin da aka sani. Ya ce daular Farisa ta fi su girma nesa ba kusa ba, amma rundunar da ta tara a Ƙadisiyya kusan 120,000 ce. Ya ce filin daga ba zai ɗauki wannan taro ba. Ya ce kakanni huɗu ne kawai tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub, kuma zuri'a ba ta yaɗuwa haka cikin wannan ɗan tsakani.

Mu gwada wannan a kan rahoton 2024. Idan aka raba 614,937 ga kwanakin shekara, za a sami mutum kusan 1,680 kowace rana. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Dutsin-Ma mutum kimanin 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000. Ke nan adadin yana nufin a shekara guda an kashe mutanen da suka ninka jama'ar ƙananan hukumomin biyu a haɗe har sau biyu, da ɗoriya. Na sacewa kuma ya haura mutum 6,000 a kowace rana. Wannan ya sa masu sharhi da dama suka yi shakka, kuma shakkarsu tana da gurbi.

Ba sai an yi nufin ƙarya ba kafin irin wannan adadi ya kumbura. Mu ɗauka, don misali kawai, gida ɗaya a samfuri yana wakiltar gida 3,000. Aka kashe mutum ɗaya a wani ƙauye. A al'adarmu, wannan mamaci ɗan gida goma ne: gidan mahaifinsa, da na kawunsa, da na surukansa, da na wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Duk wanda aka tambaya ko an kashe musu wani zai ce ƙwarai kuwa, kuma bai yi ƙarya ba, domin haka yake jin abin. Amma mai tambayar yana nufin waɗanda ke cin tukunya ɗaya ne kawai. Amsa ɗaya da ta shiga inda bai kamata ba, a takarda ta zama gawa 3,000. Ga kuma batun lokaci. An ce "cikin wata 12 da suka wuce", mu kuwa da damina da azumi muke ƙirga lokaci, ba da Mayu da Afrilu ba, kuma baƙin ciki ba ya tsufa da wuri. Abin da ya faru bara waccan, mai shi yana iya jin sa kamar jiya.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya kwanta a kai. Akwai ƙofofin da ke sa adadi ya ragu, kuma su ne suka fi kusa da mu. Ƙauyen da ya watse, mutanensa suka dawo cikin gari suna raɓe a gidajen dangi da kangaye, ba shi da ƙofar da mai tambaya zai yi sallama. Inda hanya ba ta biyuwa, ba a zuwa. Ita kanta hukumar ƙididdiga, a binciken talaucin da ta yi a 2018 zuwa 2019, ta bayyana cewa alƙalumanta na ƙasa ba su haɗa da jihar Borno ba saboda matsalar tsaro. Sannan wane magidanci ne a yankinmu, a zamanin da kowa ke tsoron infoma, zai gaya wa baƙo mai riƙe da na'ura nawa ya biya ya fanso matarsa, da inda ya samo kuɗin? Shakka kan adadi ba ta dawo da mutum ɗaya daga cikin waɗanda muka yi wa salla muka binne ba.

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tsibin abinci da aka kasa, ya zura hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Sama busasshe, ƙasa jiƙaƙƙe. Duk mai sayen masara ko gero a kasuwar Dutsin-Ma ya san wannan darasi, shi ya sa ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta wayar tarho ko ta intanet, bakin buhu take ɗiba. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ba su dawo mana ba sai a watan Disamba. Duk wanda ya bugo waya a waɗannan watanni yana tambayar 'yan Najeriya halin da suke ciki, mu bai same mu ba, mu da muka fi kowa abin faɗi. Ko yanzu da layi ya dawo, tsohuwar da ba ta da waya, da matar da wayarta ke aljihun mijinta, da makiyayin da ke inda babu sabis, duk suna ƙasan tsibi.

Zaɓen 2023 ya nuna wannan a fili. A Satumban 2022, ƙuri'ar jin ra'ayin da kamfanin NOIPolls ya gudanar ta waya domin gidauniyar ANAP ta ba Peter Obi kashi 21 cikin 100, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kowanne kashi 13, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Wannan shi ya cika kanun labarai. Abin da mutane da yawa ba su karanta ba shi ne kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗa. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan ba su ambaci kowa ba. Da aka yi zaɓe a Fabrairun 2023, sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana ya sa Tinubu a gaba, Atiku na biyu, Obi na uku, kuma a duk jihar Katsina ƙuri'un Obi ba su kai 7,000 ba. Ba siyasa ta kawo mu nan ba. Abin lura shi ne shirun waɗanda ba su ambaci kowa ba ya fi abin da kowane ɗan takara ya samu yawa. Yawan waɗanda aka tambaya ma ba ya maganin wannan. A Amurka a 1936, mujallar Literary Digest ta tattara amsa fiye da miliyan 2 ta ce Landon zai kayar da Roosevelt, sai Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Da yawan sunayen da ta aika wa tambaya daga kundin masu tarho da masu mota ta samo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya.

Wani lokaci kuma adadin daidai ne, ma'anar da muka ba shi ce kuskure. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa umurtar sahabbai su rubuta masa yawan waɗanda suka furta Musulunci. A wata ruwaya ta Bukhari daga Huzaifa an ce 1,500 ne, a wata 500, a ta Muslim tsakanin 600 da 700. Masu sharhi ba su ce an yi ƙarya ba, sai suka nemi sanin wa aka ƙirga a kowace ruwaya: mayaƙa kaɗai, ko mazan Madina, ko har da Musulmin da ke kewayenta. Tambayar da za mu riƙa yi ke nan.

Hukumar ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A Agustan 2023 ta ce a farkon wannan shekara kashi 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, mudun aka canza, kuma hukumar ta faɗi hakan da bakinta. A da, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon ma'auni, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya cikin kwana bakwai domin samun kuɗi mai aiki ne. Matashin da ya kammala digiri yake aron babur ya yi acaba da yamma ya fita daga sahun marasa aiki ke nan, ko da aljihunsa bai shaida ba. Wanda ya jera adadin biyu ya ce an samu ci gaba, ya auna da tiya ne ya kwatanta da buhu.

Haka rahoton Nuwamban 2022 da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Wannan ma'auni yana duba lafiya da ilimi da ruwan sha da makamashin girki da aikin yi, ba kuɗin aljihu kaɗai ba. Binciken 2018 zuwa 2019 da ya auna abin da mutum ke kashewa kashi 40.1 ya samu. Kwamitocin zakka su lura: fakiri a mazhabar Malikiyya shi ne wanda ba shi da abin da zai ishe shi shekara, miskini kuwa wanda ba shi da komai. Mai rumbu cike da hatsi da garken awaki yana iya faɗawa cikin miliyan 133 saboda nisan asibiti da rashin ruwa mai tsafta, amma wannan bai sa shi cikin masu cin zakka ba.

Batun yaran da ba sa zuwa makaranta ma haka yake. UNICEF ta daɗe tana ambaton miliyan 10.5, UNESCO kuma a 2022 ta ce kusan miliyan 20. Ta farko tana magana kan 'yan shekara 5 zuwa 14, ta biyu 'yan 6 zuwa 18. Kuma yaron da ke makarantar allo kaɗai, a irin wannan lissafi, cikin marasa makaranta yake. Muna da haƙƙin mu ce wannan suna bai dace da yaron da ke tashi da asuba yana biya allonsa ba. Amma ba mu da haƙƙin mu fake a bayan gyaran suna, domin yaron da ya girma bai iya karanta takardar magani ko lissafin cinikinsa ba, an tauye masa wani abu, kowane suna aka ba shi.

Saura ɓangaren da ya fi nauyi, wato mu kanmu. A isnadin adadi, mu ne masu ruwayar farko. Baƙo ya shigo unguwa da takarda, nan da nan labari ya bazu cewa tallafi za a raba, sai gidan mutum bakwai ya zama na goma sha biyar, mai rumbu ya rantse bai noma ko dami ba. Idan kuma aka ji ƙishin-ƙishin haraji ne, sai shanu su ɓace, shago ya zama na maƙwabci. Ga kunya: uwar da ba ta ambaton ɗan fari, tsohon da ke ganin ƙirga 'ya'ya baki ne. Ga maigidan da ke tsayawa a zaure ya amsa tambayoyin da suka shafi awon ciki da shayarwa a madadin matan da ke ciki. Ga kuma ladabinmu na Musulunci da takarda ba ta fahimta: a tambayi dattijo yaya rayuwa, ya ce alhamdu lillahi, mai rubutu ya sa maki a gurbin "ya gamsu", alhali jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin halin da ake ciki ga wanda ya zo domin ya sani. Annabi Musa ma ya faɗa wa yaronsa cewa sun sha wahala a tafiyarsu, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi.

Wasu suna ganin yi wa takarda ƙarya ba ƙarya ba ce, tunda ba a san wanda aka cuta ba. An san shi. Buhun shinkafar da ƙarin sunaye ya jawo wa wata unguwa, daga hannun wata gwauruwa a wata unguwar aka zare shi. Cutar yaran da aka ɓoye don jin kunya, ita ce ta sa aka kai ɗakin shan magani wani gari. Mutum yana da damar ya ce ba zai amsa ba, musamman idan bai aminta da mai tambaya ba, kuma yana da damar ya nemi shaidar aiki da izinin mai unguwa. Ƙin amsawa halas ne, ƙirƙirar amsa kuwa ƙarya ce, kuma muna tsoron ta kusanci shaidar zur idan haƙƙin wani ya rataya a kanta.

Wannan ya kai mu ga ɗalibai, waɗanda garin Dutsin-Ma ke cike da su. A manyan makarantun ƙasar nan an san wata al'ada: ɗalibi ya buga takardun tambayoyi ɗari biyu na aikin kammala karatu, ya raba talatin, sauran ya zauna a ɗaki da abokansa su cike da biro kala-kala. Wannan a ma'aunin malaman hadisi ƙirƙira ce, ba rauni ba. Aikin yana shiga ɗakin karatu, wani ya zo baɗi ya ambace shi, na uku ya ambaci na biyu, har ƙaryar ta sami isnadi mai tsawo. Ɗalibin da ya rubuta cewa mutum talatin kawai ya samu, kuma duk maza ne 'yan cikin gari, ya fi amfanar ilimi, ko da makinsa ya ragu.

A ƙarƙashin duk waɗannan alƙaluma akwai wani tushe da ya tsufa. Ninkin da ake yi wa samfuri ya dogara ne ga yawan jama'a, kuma rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006. Jaririn da aka ƙirga a goye a wancan lokaci yau ya isa aure. Ƙidayar da aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta. Ita ta 2006 ɗin ma ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, don haka duk mai gaya maka kason Musulmi ko na Kirista a Najeriya, kintace yake ba ka. Duk ranar da malaman ƙidaya suka iso Kurfi da Dutsin-Ma, mun san limamai za a nema su yi shela bayan sallar Juma'a. Abin da za mu roƙi hukuma tun yanzu shi ne a sa mata a cikin tawaga domin su shiga cikin gidaje su ji daga bakin matan, a kuma tanadi hanyar ƙirga mutanen ƙauyukan da suka watse, a rubuta sunan ƙauyen kowa kusa da inda aka same shi yana raɓe.